Mamacin da Na Aro Daga Wasan Kwaikwayo

Tun ina sakandare nake da wata muguwar ɗabi'a: in na karanta abu ya burge ni, sai na nemi inda zan cusa shi don a san na karanta. Na girma, na yi aure a Jega, na zama malamar adabi a wata makarantar 'yan mata, ɗabi'ar ba ta sake ni ba. Da na fara rubuta wa yara ƙananan littattafai kuwa, sai ma ta samu gindin zama.

Littattafan na ban tsoro ne, amma irin tsoron da yaro zai iya barci da shi. Yara biyu ne a ciki kullum, wa da ƙanwa. Su ji motsi a tsohuwar rijiya, ko su ga wuta tana yawo ita kaɗai a fadama, su bi diddigi har su gano ko aljani ne ko ɓarawon awaki. Wani lokaci ɓarawon ne. Wani lokaci kuma in bar aljanin ya ci gaba da zama aljani, don na lura yara sun fi son haka. Wani mai ɗab'i a bayan kasuwar Jega yake buga mini, makarantu su saya su raba wa ɗalibai, daga nan littafi ya shiga jakar yaro ya tafi gida.

A kowane littafi ina ɓoye wani abu daga tsofaffin wasannin kwaikwayon da muka karanta a aji, na Hausa da na Turanci. Wani lokaci shigar wani ɗan wasa zan ɗora wa mai gadin rijiya, wani lokaci in ɗauko yadda aka ƙulla rikicin wasan gaba ɗaya in rage masa tsawo ya zo daidai wuyan yara. Yaro ba ya gani, kuma ba don shi na sa ba. Don malamai 'yan'uwana na sa. In wani ya kira ni a waya ya ce, "Malama, na gane inda kika dosa," ranar ko miyar gidana sai ta fi daɗi. In ba wanda ya kira, in yi ta cika ina batsewa, ina gaya wa maigidana cewa mutane sun daina karatu. Shi kuwa direba ne, Jega zuwa Birnin Kebbi, sai ya ce Allah ya kyauta ya ci gaba da cin tuwonsa.

Akwai wani tsohon wasan Turawa da na daɗe ina ajiye shi don ranar da na ƙware. Mun yi shi a makaranta a gindin mangwaro, kuma da yake na fi kowa tsawo a ajinmu, ni aka ba mamacin. Aka lulluɓe ni da zanen gadon asibitin makaranta, aka shafe mini fuska da toka, na fito ina jan ƙafa ina gaya wa ɗana cewa ɗan'uwana ne ya kashe ni ya kuma auri matata. 'Yan aji ɗaya har da masu kuka. Ban taɓa jin daɗin wani abu a makaranta kamar wannan ba.

To shi na ɗauko. Na tuɓe wa mutanen wasan kayan sarauta, na mai da su manoman albasa, tunda ita na sani. Na sa labarin a wani ƙauye marar suna mai fadama da rudu. Rudu shi ne rumfar kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa a zuba albasa a ciki, iska tana ratsa ta, a jira ta yi daraja. A bayan rudun ne mamacin yake fitowa da la'asar sakaliya, ba ya cewa komai, sai dai ya nuna ƙanensa da yatsa. Yaran suka bi diddigi suka gano ƙanen ne ya zuba masa wani abu a fura, don ya gaje gona ya auri matar. Na gama, na karanta, na ce wannan karon duk malamin da bai gane ba ya mai da takardar shaidarsa inda ya karɓo.

Ga abin da ya kamata a sani, wanda ni na san shi tun ina yarinya amma ko sau ɗaya bai gifta mini ba ina rubutun. A Danwarai aka haife ni, ta ƙasar Aliero, gidan manoman albasa. Mahaifina ya rasu ban kai shekara uku ba. Ya dawo daga fadama da ciwon ciki, kafin gari ya waye sau biyu an kai shi makwancinsa. Da Inna ta fita takaba, dattawan gida suka zauna suka ce ƙanensa ya aure ta, don kada marainiya ta tashi a gidan wani. Haka ake yi, ba a kansu aka fara ba. Ya aure ta, ya riƙe gonar, ya riƙe ni.

Ba na ce masa Baffa. Baba nake ce masa, kuma in aka ce ubana shi nake gani. Shi ya ɗauke ni a bayan keke ya kai ni makarantar firamare lokacin da 'yan'uwansa ke cewa boko zai lalata musu ɗiya. Shi ya yi ta hawa motar albasa yana kawo mini ƙuli-ƙuli da garin kwaki a sakandare, ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa mai maiƙo, ni kuma ina sauri in karɓa in sallame shi kafin ƙawayena su gan shi. Shi ya ba da aurena. Na san labarin cewa akwai wani uba kafinsa, kamar yadda mutum yake sanin sunan kakan kakansa, amma labarin bai taɓa zama mini mutum ba. Don haka da nake rubuta ƙane mai auren matar wansa, wallahi tsakanina da Allah, wasan gindin mangwaro kawai nake gani.

Littafin ya fita, ya yi kasuwa fiye da 'yan'uwansa. Malamai biyu ko uku suka kira, na hura hanci yadda na saba. Ana nan sai wata makarantar firamare a Maiyama ta gayyace ni in karanta wa yara. Na sa sabon leshi na tafi. Na karanta musu wurin da mamacin ke fitowa, na ja muryata irin ta da, wata yarinya ta ƙanƙame ƙawarta. Bayan an tafa, na juya wajen malamai na yi musu ɗan jawabi kan yadda marubuci ke gaisawa da magabata ta hanyar aro, da yadda tsohon wasa ke sake rayuwa a bakin rudu. Na ji daɗin wannan jimlar har na maimaita ta.

Aka kawo mana shinkafa a ofishin malamai. Wata malama ta jawo kujera kusa da ni. Na san ta sama-sama, 'yar unguwarmu ce a Danwarai, aure ya kai ta Maiyama. Ta jira sauran suka shagala da nama, sannan ta rage murya.

"Ke dai kin yi ƙarhin hali," ta ce. "Ni da ni ta, da ban iya ba."

Na ɗauka yabo ne, na ce ai aiki ne na yau da gobe.

"A'a, batun Baffanki nika nuhi. Abin da manya sunka binne, ki tono shi ki sa ga takarda. Satin da yaw wuce na je gida, ba a wata magana sai ita."

Na ce, "Wane Baffa?"

Ta dube ni, ta ga da gaske nake tambaya, sai ta aje cokali. Ta ce yaran Danwarai sun kawo littafin daga makaranta, suna karanta wa iyayensu mata a tsakar gida, gida ya ba gida. Ta ce lokacin da mahaifina ya rasu an ɗan yi 'yan ƙananan maganganu, kamar yadda ake yi duk inda mai lafiya ya faɗi farat ɗaya, amma liman na lokacin ya tsawata, magana ta mutu. Yanzu ga ɗiyar mamacin da kanta, mai ilimi, ta rubuta rudu da fadama da fura da ƙane. Mutane suka ce ashe.

Abin da na fara ji fushi ne, ba kunya ba. Na ce mata wannan ai jahilci ne, labari ne ƙagagge, an rubuta asalinsa tun kafin a san da wani gari Danwarai, kuma na faɗa a jawabina yanzun nan. Ta ce ta ji jawabin, ya yi daɗi. Sannan ta ce, "To amma can gida wa as san wasan ga? Su Baffanki sunka sani." Ta ɗauki cokalinta ta ci gaba da cin abinci, ni kuwa na ture farantina gefe.

Ban bi ta gidana ba. Motar Maiyama ta sauke ni a tashar Jega, na kira maigidana na ce za ni Danwarai, na shiga ta Aliero. Duk hanyar ina shirya jawabi a raina. Zan tara matan unguwa in yi musu bayanin bambancin labari da tarihi. Zan je wajen mai gari. Zan sa a kira yaran da suka karanta in tambaye su ko sun taɓa ganin fatalwa da idonsu. Har muka wuce rumfunan 'yan albasa na Aliero ina kan wannan, warin albasa ya cika motar, kuma a nan ne jawabin ya fara zubewa. Na tuna na rubuta cewa rudun yana gabas da wata tsamiya mai rassa biyu. Namu ne. Na rubuta cewa matar tana ɗaura kallabi ta bar kunne ɗaya a waje. Inna ce. Duk abin da na rasa a wasan Turawa, na miƙa hannu cikin gidanmu na ɗauko ba tare da na duba ko na waye ba. Da ɗan acaɓa ya ɗauke ni daga Aliero, na ja mayafi na rufe fuska, ba don rana ba.

Na iske Inna a tsakar gida tana dakan lawashi za ta yi gabu, busasshen ganyen albasa na miya. Ni ce 'yar farinta, don haka tun da nake ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma duban idona in tana magana. In tana da faɗa, turmi take yi wa, ko akuya, ni kuma in tsinci nawa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon taɓarya.

"Wasu dai sun iya rubutu," ta gaya wa turmin. "Allah shi ƙara basira."

Na ce, "Inna, wallahi ba ku nika nuhi ba."

Ta ci gaba da daka. Can ta ce, har yanzu da turmin take, mata suna ta shigowa gaishe ta kamar an yi sabuwar mutuwa, su zauna su yi shiru su dube ta su tashi. Ta ce wata ta tambaye ta ko ta sani tun lokacin ko daga baya ta gane. Ta ce duk wannan bai dame ta ba, ta ga abin da ya fi shi. Sai ta tsayar da taɓarya, ta shiga zancen Baba.

"Mutum tun shina saurayi in anka kai hura gona, shi ka damawa da hannunai shi raba ma 'yan ƙwadago. Kowa ya san shi da haka. Yanzu sai su ce sun ƙoshi. Wasu su zo da tasu cikin gora. Ƙwarya ta dawo min gida kamar yadda tat tahi, shi ko bai ce komi ba."

A nan kunyar ta same ni sosai. Na dubi leshin nan da na sa don a tafa mini. Na yi tunanin dattijon da ya haura saba'in zaune a bakin fadama da ludayi a hannu, yaran da ya ga haihuwar iyayensu suna kau da kai. Da a ce Inna ta ɗaga taɓaryar ta sauke mini, da na fi samun sauƙi. Na tambaye ta inda yake. Ta gaya wa akuya cewa mai neman mutum ya san inda rudu yake, tunda har ya sa shi a littafi.

Yana nan kuwa, shi kaɗai, rana ta ɗan karkata. Ya ɗage ciyawar gefe ɗaya yana tsince albasa. Aikin da ba a ba yaro ke nan: a ɗauki kowace a latsa wuyanta da babban yatsa, wadda ta yi laushi a fitar da ita kafin ta shafi na kusa da ita. Kwando biyu a gabansa, ɗaya na masu kyau da za a mayar, ɗaya na waɗanda suka fara lalacewa. Ya ɗago ya gan ni, fuskarsa ta washe kamar kullum.

"A'a, Malama ta! Yaushe a gari? Ƙaƙa maigidan? Ƙaƙa yaran?"

Malama yake ce mini tun ranar da na fara koyarwa, kuma yana faɗar ta ne da alfahari, har a gaban masu sayen albasa. Yau sai na ji sunan yana ƙona ni. Na durƙusa a ƙasa, ban damu da leshin ba, na amsa gaisuwar ɗaya bayan ɗaya, don ba ya yarda a tsallake ko ɗaya. Da muka gama na ce, "Baba, na zo ne kan littahin ga."

"Awo," ya ce. "An karanta min. Jikata na sa, ta karanta min tun daga hwarko har ƙarshe. Kin iya tsara magana, ba ƙarya."

Na fara ba shi haƙuri, maganar tana fita a hargitse. Na ce zan je wajen liman da mai gari, zan sa a yi shela ranar Juma'a, zan hana a sake bugawa, zan bi makarantu in karɓe waɗanda aka raba. Ya ɗaga hannu, da albasa a ciki.

"Bari wannan. Mutane na, sun yi da can sun gaji, yanzu ma za su gaji. Ni na san abin da niy yi da wanda ban yi ba, Allah ma ya sani. Ba shi ad damuwata ba. Matso kusa, tambaya gare ni."

Na matsa. Ya waiga ya tabbata ba kowa, sannan ya yi ƙasa da murya kamar mai tambayar sakamakon asibiti.

"Yaushe yaz zo maki?"

Ban gane ba. Na ce wa?

"Yayana. Ga mahwalki yaz zo, ko? Ba ni cewa ki hwaɗa min duka in ya hana ki. Amma ki gaya min, ƙaƙa kinka gane shi? Shina cikin hutu? Ya ambace ni da baki, ko nunin kawai yay yi?"

Sai lokacin na fahimci abin da ya ɗauka. A wurinsa ba ɗiyar da za ta zauna haka kawai ta ƙaga wa ubanta mamaci magana. Tunda na rubuta, to na gani ne a mafarki, kuma mafarkin da mamaci ya zo a ciki ba abin wasa ba ne a gidanmu. Akan tashi a yi sadakar waina a kansa. Bai ɗauka ina zarginsa ba. Ya ɗauka saƙo aka ba ni na rasa yadda zan isar, sai na nannaɗe shi cikin labarin yara.

Na ce, "Baba, ba wanda yaz zo min. Wani wasan kwaikwayo na, na Turawa, tsoho, da munka yi a makaranta. Can nid ɗauko."

"Wasa," ya ce.

"Wasa na, Baba. Ni ma na taɓa hitowa a ciki."

Na shiga yi masa bayani, kuma ban taɓa jin bayani ya yi mini wauta a baki kamar wannan ba. Na ce marubuta sukan yi haka, su ɗauko wani abu daga tsohon aiki su ɓoye a sabo, don masu karatu su gane su ji daɗi. Ya tambaya su wa suka gane. Na ce wasu malamai. Ya ce sun ji daɗin? Na ce sun ji. Ya gyaɗa kai, ba da gatse ba, da gaske yake son ya fahimta, kuma wannan ya fi gatsen ciwo.

Amma bai gamsu ba. Ya aje albasar ya gyara zama.

"Tau, tsaya. Turawan nan sun san yayana? Don mutumen da kinka rubuta shi na. Kin ce in zai yi nuni sai shi karkata kai hagu. Kin ce shina da wushirya, kuma ɗan yatsanai na dama ya lanƙwashe. Kin ce in shina tahiya hannu guda na baya kamar mai riƙe da igiyar jaki. Ba a taɓa ɗaukar hotonai ba. Kina goye yab bar duniya. Innarki ba ta zancenai, ni ma ban yi maki ba. Tsohin garin ga da sunka ji wurin nan, wasu har sun yi kuka. In ba ganinai kinka yi ba, ina kinka samo shi?"

Na dube shi. Kansa a karkace hagu yana jiran amsa. Hannun da ya aje a gwiwa, ƙaramin yatsan a lanƙwashe. Ban taɓa sanin haka aka haife su su biyu ba, na ɗauka lauje ne ya taɓa shi yana yaro. Da nake neman siffar uba in ba mamacina, ban yi wani tunani ba, na rubuta uban da na sani.

Na ce, "Kai nik kwatanta, Baba. Ban san wani uba ba in ba kai ba. Ban san kun yi kama haka ba."

Ina faɗa na ji wani ɗan sanyi a raina. Na ce ko ba komai yau na gaya masa abin da ban taɓa gaya masa ba, kuma gaskiya ce, ba aro ba. Har na fara sa ran zai yi murmushi ya sa mini albarka, in koma Jega da ɗan abin da zan rufe kunyata da shi.

Bai yi murmushin ba. Ya ɗaga hannunsa ya dubi yatsan, ya juya shi, ya mayar.

"Kin san," ya ce, "tun randa anka ɗaura auren nan nika roƙon Allah shi nuna min shi ko sau guda. Ba ni nib biɗi auren ba, manya sunka ce. Amma daga baya na so ta, ba ni ɓoye maki. Na so ta ƙwarai. Gonar ma ta yi albarka ga hannuna hiye da nashi. Sai in kwanta in ce, shin ya yarda? Na riƙe amanar ko na ci? Kowa na mahwalkin nashi mamaci, ni shiru. Innarmu ta zo min, abokaina sun zo min, shi bai zo ba."

Ya ɗauki wata albasa ya latsa wuyanta, bai duba ta ba.

"Da yarinyar ga tak kai wurin nunin, gabana ya hwaɗi. Amma wallahi, Malama, har da murna a ciki. Nic ce tau, ga shi ya yi magana. Ko hushi shika yi, na dai ji. In hushi na, sai in san abin da za ni roƙa gahwara a kai kahin in ishe shi. Kwanakin ga duk shirin da nika yi ke nan."

Abin da zan iya cewa shi ne Allah ya ga yadda ya riƙe ni, ni ma shaida ce, kuma na faɗa, da hawaye. Ya saurara har na gama, ya ce ya gode, Allah ya yi mini albarka. Amma na ga ba shaidata yake jira ba, kuma ba ni da wadda yake jira. Na zo ne in wanke shi a idon gari, ban san akwai abin da ya riƙe a cikin ƙaryar tawa ba, ga shi na karɓe shi ma.

"Ashe har yanzu bai ce komi ba," ya ce, a hankali, ba da ni yake ba.

Ya jefa albasar a kwandon masu kyau, ya sake ɗauko ta ya latsa, ya mai da ita ɗaya kwandon. Sannan ya ce in matso masa da kwandon kusa, rana tana tafiya, kuma in tattare zanena kada ruwan ruɓaɓɓun ya ɓata mini kaya.